Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Tun daga zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar 2004, lokacin da garuruwa irin su Cake, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Tchaké, da Isawan da Kanambakashe a gundumar Mayahi, da kuma Urafan a gundumar Tasawa, suka sami majalisunsu da magadan garinsu, ayyukan siminti sun yawaita a wannan yanki fiye da yadda aka saba. Dattawan karkara sun fara sanin siminti ne ta rijiyoyin da hukumar OFEDES ta riƙa ginawa tun daga shekarun 1960. A yau kuwa ana zuba harsashin hasumiyar ruwa, wato shato, da kwalbatoci da shimfiɗar da mota ke bi ta ƙetare kori, da daɓen manyan ma'ajiyoyin hatsi da wake, da ginshiƙan masallatan Juma'a waɗanda attajirai ke ginawa don neman lada. Kuɗin waɗannan ayyuka na fitowa ne daga baitulmali, ko daga aljihun ɗan kasuwa, ko daga taimakon ƙasashen waje. Wanda ke sa hannu a kan takardar karɓar aiki kuwa, galibi ma'aikacin gwamnati ne. Su biyun nan, mai biya da mai sa hannu, su ya fi kamata su san abin da ke faruwa a cikin beto, wanda maƙwabta na Nijeriya ke kira kankare, a kwanaki bakwai na farko bayan an zuba shi.

Idan aka ga tsaga a jikin sabon gini, maganar da ke fara fitowa daga bakin jama'a ita ce an saci siminti. Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai tsagar da ke samun ginin da ba a rage masa ko buhu ɗaya ba, har ma takan fi samun wanda aka cika wa siminti. Wannan ita ce tsagar zafi, kuma ita ce wadda mutane ba su cika sanin asalinta ba.

Wutar da ba a gani

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, siminti ba bushewa yake yi kamar laka ba. Idan ya haɗu da ruwa, haɗuwa ce ta sinadarai ke aukuwa, ruwan ya shige jikinsa su zama dutse tare, kuma wannan haɗuwa tana fitar da zafi. Duk magini ya san haka a tafin hannunsa, tunda bulon da aka buga da yamma yakan yi ɗumi cikin dare. A bulo ko siririn bango zafin na fita nan da nan, babu wata illa. A zubi mai kauri, wanda ya kai mita ɗaya ko ya wuce, zafin ba ya samun hanyar fita, sai ya taru a tsakiya. Ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi shi ne, kowane kilo 100 na siminti a cikin kubik ɗaya na beto yana iya ƙara zafin digiri 10 zuwa 12 idan zafin bai sami mafita ba. Kubik ɗaya kuwa shi ne mita ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a zurfi.

A ɗauki misalin harsashin shato mai tsawon mita 6, faɗin mita 6, da kaurin mita 1,2. Zai ci kubik 43 da ɗan ɗori. Idan aka bi awon da aka saba da shi na kilo 350 a kowane kubik, wato buhu 7, siminti zai haura tan 15, buhu 300 da ƴan kai ke nan. Duk da cewa wani ɓangaren zafin zai fita ta sama da ta gefe, tsakiyar wannan harsashi za ta iya ɗara zafin da aka zuba ta da shi da digiri 25 zuwa 30, kuma tana kaiwa ƙololuwa ne tsakanin kwana ɗaya zuwa uku.

To, beto kamar ƙarfe yake: zafi na buɗa shi, sanyi na tsuke shi. Abu mai tsawon mita 10, idan ya yi sanyi da digiri 20, zai tsuke da kimanin milimita 2. Mai karatu zai ce milimita 2 ba komai ba ce. Sai dai beto yana da ƙarfin ɗaukar nauyi idan an danne shi, amma idan aka ja shi ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, balle ɗanyen beto na kwana biyu. Idan fatar waje ta huce tana neman tsukewa, alhali ciki na nan da zafi a kumbure, fatar ce za ta yage. Daga baya kuma, idan cikin ya zo hucewa yana neman tsukewa, ƙasa ko tsohon zubin da ke ƙarƙashinsa ya riƙe shi, sai tsagar ta ratsa shi daga sama har ƙasa. Mata masu ginin tukwane, daga Mirya har ƙauyukan Gulbin Kaba, sun riga injiniyoyi sanin wannan: ba a cire tulu daga wuta a kai shi cikin iska, a kan bar shi ya huce a hankali cikin tokarsa.

Saboda haka ne masana suka tsayar da iyaka biyu. Ta farko, kada bambancin zafi tsakanin tsakiyar zubi da fatarsa ya wuce kimanin digiri 20. Ta biyu, kada zafin tsakiya ya haura digiri 70, a wasu ayyukan da ke zaune cikin ruwa ma akan tsaya a 65. Dalilin iyaka ta biyu shi ne, beton da ya ƙone a ƙuruciyarsa yana ɗauke da wata cuta da ba ta bayyana sai bayan shekaru: idan danshi ya riƙa shigarsa, wasu gishirai na sake haɗuwa a cikinsa su kumbura shi, ya riƙa farfashewa daga ciki. An gano wannan cuta a jikin wasu gadoji na Faransa, har ta kai babban ɗakin binciken gadoji da hanyoyi na ƙasar ya fitar da ƙa'idojin rigakafinta a shekarar 2007.

Bazara da hunturu, kowa da sharrinsa

Yanayin jahar Maraɗi ya sa wannan magana ta fi nauyi a nan fiye da ƙasashen da aka rubuta littattafan gini a cikinsu. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan kai digiri 40 a inuwa, ya wuce. Tsakuwa da yashin da aka jibge a fili suna shan rana tun safe, ruwan da ke cikin tano na ƙarfe yakan yi zafi kamar an ɗora shi a murhu. Beton da aka kwaɓa da irin waɗannan kaya da azahar zai iya fita daga injin kwaɓi da zafin digiri 35 ko fiye. Idan aka ɗora masa digiri 30 na zafin kansa, an kai bakin iyaka ke nan. Bayan haka, beto mai zafi yana saurin kamawa, sai leburori su ga ya yi tauri a cikin baro, su ƙara masa ruwa don ya yi daɗin zubawa. Wannan ƙarin ruwa shi ne ke kashe ƙarfin gini. Buhu ɗaya mai kilo 50 bai kamata ya sha fiye da kimanin lita 25 ba, wato bido ɗaya, har da lissafin danshin da ke cikin yashi.

Wanda ya ce to bari a jira ɗari, shi ma bai tsira ba. A Disamba da Janairu kaya na da sanyi, beto na shiga ramin da zafin da bai kai digiri 30 ba, wannan alheri ne. Amma dare na sauka ƙasa da digiri 15, ga iskar hunturu busasshiya. Idan tsakiyar zubi ta kai 55, aka bar fuskarsa a buɗe ko aka kware katakon zubi da sassafe don a kai shi wani wurin aiki, fatar za ta faɗo zuwa 25 ko ƙasa, bambanci ya kai 30. Tsagar da ke biyo baya siririya ce kamar gashi, ba a ganinta sai an zuba ruwa.

Akwai kuma wata tsaga ta daban da ya kamata a rarrabe, domin ita ce ta fi samun daɓen ma'ajiya da rufin soro, waɗanda ba su da kauri. Ita wannan ta bushewa ce. Idan iska da rana suka riƙa kwashe ruwan saman ɗanyen beto har ya kai lita ɗaya a kowane murabba'in mita cikin awa ɗaya, fuskar na tsattsagewa tun kafin magina su wanke hannu. A daɓe mai murabba'in mita 100, lita 100 ke nan ke tashi a awa, rabin tano. A ƙasar da ake jan ruwa da shanu daga rijiya mai gaba da yawa, kamar yadda ake yi a ƙauyukan Cake da Mayahi, ruwan shayar da gini shi ne abu na farko da ɗan kwangila ke tsumulmularsa, tunda babu wanda ke ƙirga shi kamar yadda ake ƙirga buhuna.

Darasin manyan madatsu

Duniya ta koyi wannan ilimi ne a wajen gina madatsun ruwa. Lokacin da Amurka ta gina madatsar Hoover a kan kogin Kolorado tsakanin 1931 da 1936, injiniyoyi sun lissafa cewa da za a zuba betonta gaba ɗaya, sai ta yi fiye da shekara 100 kafin ta huce, kuma da ta farfashe a kan hanya. Sai suka raba ta ɓangare-ɓangare, suna zuba kaurin mita ɗaya da rabi a lokaci guda, suka binne ƙananan bututan ƙarfe da tsawonsu ya haura kilomita 900 a cikinta, suna tura ruwan kogi da ruwan ƙanƙara ta ciki har ta huce, sa'an nan suka cike bututan da ruwan siminti. A Dubai, wajen gina dogon benen Burj Khalifa da aka buɗe a 2010, da dare aka riƙa zuba beto a lokacin zafi, ana kwaɓa shi da ƙanƙara.

Wannan ilimi ya shafi Nijar kai tsaye. Madatsar Kandaji a kan kogin Isa, a jahar Tilaberi, wadda shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashinta a 2008, shugaba Isufu Mahamadu kuma ya sake ƙaddamar da aikinta a 2019 a hannun kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin, an tsara ta ne don ta ba da wutar lantarki megawat 130. Gadojin Yamai uku, ta Kennedy ta 1970, da ta abotar Sin da Nijar ta 2011, da ta Janar Seyni Kunce ta 2021, duk a kan manyan ginshiƙan beto suke tsaye. Haka nan hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinta a Fabrairun 2021. Irin waɗannan ayyuka suna da ofisoshin sa ido da ɗakunan gwaji a wurin aiki. Ƙaramar hukumar karkara ba ta da ko ɗaya daga ciki, amma dokar zafi da sanyi ba ta san girman kasafin kuɗi ba: yadda take aiki a Kandaji haka take aiki a harsashin shaton ƙauye.

Abin da za a iya yi ba tare da injin ƙanƙara ba

Rigakafin yana farawa ne tun daga awo. Attajirin da ke gina masallaci ko ma'ajiya yakan ce wa magini ya ƙara siminti don gini ya yi ƙarko, da kyakkyawar niyya. A zubi mai kauri wannan ƙari itace ne ake ƙara wa wuta. Injiniya ne zai faɗi awon da ya dace, kuma shi zai zaɓi irin simintin. Ko na Malbaza ne, ko wanda ake shigowa da shi daga Sakkwato da sauran masana'antun Nijeriya, a jikin buhu akwai rubutu. Mai alamar CEM I kusan zallar siminti ne, yana da saurin ƙarfi da yawan zafi. Mai alamar CEM II, wanda tsofaffin magina suka sani da sunan CPJ, an gauraya shi da garin farar ƙasa ko makamancinsa, zafinsa bai kai na farko ba. Harafin R a ƙarshen lamba yana nufin mai saurin samun ƙarfi a kwanakin farko, harafin N kuma na daidai. Ɗan kasuwar da ke sayar da siminti, idan ya san wannan bambanci, ya taimaki mai sayensa.

Na biyu shi ne sanyaya kaya. Tsakuwa da yashi su ne kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin beto, don haka su ne ke da rinjaye. Idan aka rage zafinsu da digiri 2, zafin beto zai ragu da digiri 1. Kafin a sami wannan ragi ta hanyar ruwa sai an sanyaya shi da digiri 4. Rumfar zana a kan tsibin tsakuwa, da yayyafa mata ruwa tun jajibirin zubi, da ajiye tanonin ruwa a inuwa ko a lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda ake yi wa randa, duk ba su kai kuɗin buhu goma na siminti ba. Ruwan kwaɓi kuwa ya zama wanda mutum zai iya sha. Ruwan tabki mai laka ko na rijiya mai kanwa ba ya yi. Rairayin tudu mai laushi da ya cika wannan yanki yana shan ruwa da siminti da yawa, yashin kori mai tsakuwa-tsakuwa ya fi shi.

Na uku shi ne lokaci. A bazara, zubi mai girma a fara shi bayan la'asar a ci gaba cikin dare, ko a fara da asuba a gama kafin hantsi ya yi zafi. A tanadi fitilu da man injin da isassun leburori tun kafin a fara, domin tsayawa a tsakiyar zubi na barin gaɓa mai rauni. A riƙa zubawa shimfiɗa-shimfiɗa, kaurin santimita 30 zuwa 50, ana girgiza kowace da inji kafin ta ƙasa ta kama. Idan aikin ya fi ƙarfin yini ɗaya, injiniya ya nuna a kan zane inda za a tsaya, da ƙananan ƙarafan da za a jera kusa da fata don su riƙe tsaga kada ta buɗe.

Na huɗu, kuma shi ne inda aka fi yin kuskure, shi ne abin da ake yi bayan zubi. Mutane sun ji ana cewa a shayar da gini, sai su zo da rana tsaka su kwara ruwa mai sanyi a kan beton da cikinsa ke tafasa, ya bushe, su dawo da yamma su sake kwarawa. Wannan jiƙa-da-bushewa ya fi rashin shayarwa illa ga zubi mai kauri. Abin da yake buƙata shi ne bargo. A shimfiɗa masa jiƙaƙƙun buhunan algarara, a ɗora leda don danshi ya zauna, a lulluɓe da zana ko tabarmi ko karan hatsi, a bar katakon zubi a jikinsa. A haka fata da ciki za su huce tare. Aƙalla kwana 7 ne, kuma ranar da za a kware, a kware da rana, sannu a hankali.

Hujjar da za a nema kafin a sa hannu

Duk abin da aka ambata, idan babu awo, magana ce kawai. A manyan ayyuka ana binne wayoyin auna zafi a cikin beto. Inda babu su, akwai dabara mai araha: a kafa siririn bututu mai toshe gindi har tsakiyar zubin, wani kuma gajere ya tsaya santimita 5 daga fata, a cika su da ruwa, a riƙa zura ma'aunin zafi kowace awa huɗu a kwanaki uku na farko, sa'an nan safe da yamma har mako. A rubuta lambobin uku, na tsakiya da na fata da na iska, a littafin wurin aiki, tare da lokacin da aka fara zubi da wanda aka gama. Idan bambanci ya doshi 20, a ƙara lulluɓi. Haka kuma a gwada laushin kwaɓi da mazubin nan mai tsawon santimita 30 da aka san shi da sunan Abrams, a kuma cika kwalaye na gwaji a aika ɗakin gwaje-gwaje a murƙushe su a kwana 7 da kwana 28 don a san ƙarfinsu.

Ma'aikacin da ke shirya takardar sharuɗɗan kwangila shi ne ke da mabuɗin farko. Idan bai rubuta waɗannan abubuwa a ciki ba, bai kuma ware kuɗin ruwan shayarwa da na gwaji a layinsu na daban ba, ba shi da bakin tuhumar ɗan kwangila daga baya. Mabuɗi na biyu yana hannun kwamitin karɓar aiki. Tsarin kwangilolin gwamnati ya tanadi karɓa ta wucin gadi da karɓa ta ƙarshe, galibi shekara ɗaya a tsakaninsu, da kuma riƙe wani kaso na kuɗin, wanda ba ya wuce kashi 5 cikin 100, a matsayin jingina. An yi wannan tazara ne don gini ya ga bazara da damina da ɗari kafin a sallami mai aiki. Kwamitin da ya zo ya tarar an shafe harsashi da sabon filasta da fenti yana da haƙƙin ya tambayi abin da ke ƙarƙashi, ya nemi littafin awo, ya sa a cika tankin ruwa a bar shi kwanaki a ga ko zai yi zufa. Tsagar da ta wuce milimita 0,3 a gini, ko 0,2 a abin da ke riƙe ruwa, ba ado ba ce da za a rufe da fenti.

Dalilin wannan tsanani a bayyane yake. Ta tsaga ruwa ke isa ga ƙarfe, ƙarfe ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fi asalin ƙarfen girma sau da yawa, ta ɓamɓare beton da ke rufe da ita. Ginin da aka tsara ya yi shekara 50 sai ya nemi gyara tun ɗan da aka haifa ranar buɗe shi bai gama lakwal ba. Ambaliyar daminar 2024, wadda jahar Maraɗi ke cikin waɗanda suka fi jin jiki a cikinta, ta nuna irin nauyin da kwalbatoci da mashigan kori ke ɗauka a dare ɗaya. Idan mashiga ta karye, motar ɗan kasuwa ce ke kwana a bakin kori da kayanta ranar kasuwa, kuma mai naƙuda ce ke rasa hanyar zuwa likita a Mayahi ko Tasawa. Idan shato ya fara yoyo, mata da yara ne ke komawa bakin rijiya da guga.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. A sha'anin beto, ranar ginin ita ce daren zubi da makon da ke biye da shi, lokacin da manya sun koma gari, aka bar mai gadi da leburori biyu. Magajin gari ko attajirin da ya aika amintaccensa ya kwana a wurin da ma'aunin zafi da littafi ya tsare dukiyar jama'a fiye da wanda ya zo ranar yanke ƙyalle da tawaga. Allah ya ba masu riƙe da amana ikon sauke ta.